Ƙarin da Ba a Je Nema Ba: Tarihin MRI da Ƙananan Tsiron Ƙoda

Mutum ya je asibiti saboda ciwon ciki, ko ciwon baya, ko bayan hatsarin mota. Aka ɗauki hoton cikinsa, abin da ya kai shi bai zama wani abin tashin hankali ba. Sai dai a ƙasan takardar sakamako akwai layi guda: an ga ƙari mai faɗin santimita 2.5 a ƙodar hagu. Ba ya masa ciwo, fitsarinsa garau yake, shi kansa bai san da zamansa ba. A ƙasashen da na'urorin ɗaukar hoton jiki suka wadata, fiye da rabin sankarar ƙoda ta wannan hanya ake gano ta a yau, wato bisa katari.

Daga nan tambaya ɗaya take tasowa: sankara ce ko kuwa tsiro ne marar illa? Bisa ƙiyasi, ɗaya cikin kowane biyar na irin waɗannan ƙananan ƙari, bayan an yanke shi an duba, sai a tarar ba sankara ba ne. Ma'ana an sa wa mutum wuƙa, an ɗebe wani sashe na ƙodarsa ko ita duka, a kan abin da da an bar shi ba zai taɓa cutar da shi ba. Likitoci sun shafe shekaru suna neman hanyar sanin gaskiya kafin tiyata, kuma na'urar MRI ce aka fi ɗora wa wannan buri. Ta biya wani ɓangare na burin, amma sai bayan da likitocin suka sake fasalin tambayar da suke yi mata.

Zamanin da hannu ke gano cuta

A watan Agusta na 1869, a birnin Heidelberg na Jamus, likitan fiɗa Gustav Simon ya cire ƙodar wata mata mai yoyon fitsari, ta kuma rayu. Kafin ya taɓa ta sai da ya gwada aikin a kan karnuka, don ya tabbatar ƙoda ɗaya na iya ɗaukar nauyin biyu. Wannan aiki ne ya buɗe ƙofar tiyatar ƙoda. A 1883 wani Bajamushe masanin cututtuka, Paul Grawitz, ya bayyana ƙarin ƙoda mai launin rawaya. Saboda launin ya yi kama da na wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda, sai ya ɗauka daga ɓurɓushinta ƙarin yake fitowa. Ya yi kuskure a kan asalin, domin daga bututun ƙodar kanta yake tsirowa. Amma launin da ya gani gaskiya ne: maiƙo ne cike da ƙwayoyin ƙarin, kuma bayan fiye da shekara 100 wannan maiƙo zai zama ɗaya daga cikin alamomin da MRI ke nema.

A wancan zamani ba a san wata matsala mai suna ƙaramin ƙari ba. Ƙoda na can ciki, bayan hanji, haƙarƙari ya kare ta, don haka ƙari zai iya girma shekaru ba tare da ya yi motsi ba. Littattafan likitanci sun koyar da alamomi uku: jini a fitsari, ciwon kwiɓi, da ƙullutun da hannu ke iya taɓawa. Kafin ukun su haɗu a jikin mutum ɗaya, galibi cutar ta riga ta yi nisa.

Ƙananan ƙari kuwa a ɗakin binciken gawa kawai ake cin karo da su. A 1938 E. T. Bell na Jami'ar Minnesota a Amurka ya nazarci tarin gawarwaki, ya lura cewa ƙarin da bai kai santimita 3 ba da wuya ya yaɗu zuwa wasu sassan jiki. Daga nan aka samu ƙa'idar da ta daɗe tana aiki: ƙasa da santimita 3 tsiro ne marar illa, sama da haka sankara. Wannan ne yunƙuri na farko na rarrabewa, kuma ma'auninsa girma ne kaɗai. Daga baya aka yi watsi da ƙa'idar, saboda an samu ƙanana da suka yaɗu, kuma a madubin likita babu bambanci tsakanin da yawa daga cikinsu da manyan.

Ga masu rai kuwa magani ɗaya ne. A 1963 da kuma 1969 Charles Robson na Toronto a Kanada ya wallafa sakamakon tiyatar da ake kwashe ƙoda gaba ɗaya tare da kitsen da ke kewaye da ita da halittar da ke samanta. Aikin ya dace da manyan ƙarin da ake gani a lokacin, ya kuma zama doka ga duk wani ƙarin ƙoda tsawon shekaru masu yawa.

Ido ya riga sani isa

A watan Oktoba na 1971 aka ɗauki hoton kan majiyyaciya ta farko da na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, a wani asibiti da ke Landan. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 an samu na'urar da ke ɗaukar jiki duka. A lokaci guda hoton sikanin da ke aiki da sauti ya bazu a asibitoci. Abin da a da sai a gawa ake gani, yanzu ya fara bayyana a jikin mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu.

Nasarar farko ta zo ne ta wajen ƙullin ruwa, wanda ya zama ruwan dare a ƙodar masu shekaru. A 1986 Morton Bosniak, likitan hoto a Jami'ar New York, ya fitar da tsarin da ke jera irin wannan ƙulli hawa-hawa, daga jakar ruwa zalla wadda ba ta buƙatar komai har zuwa mai kaurin bango da tsoka a ciki wadda ke buƙatar wuƙa. Haka kuma CT ta iya gane wani tsiro marar illa mai suna anjiyomayolipoma, wanda ya haɗa jijiyoyin jini da tsoka da kitse, domin curin kitse na fitowa baƙi ƙirin a hoton. Abin da ya rage shi ne ƙari mai tauri, marar kitse a fili, wanda ke shan rinin da aka zuba ta jijiya. Ƙa'idar aiki ta zama: duk irin wannan sankara ne har sai an tabbatar da akasin haka, hanyar tabbatarwa kuma ita ce a cire shi.

Alƙaluma sun fara nuna tsadar wannan ƙa'ida a farkon ƙarnin nan. A 2003 asibitin Mayo da ke Amurka ya wallafa bitar ƙari 2,935 da aka cire daga majiyyata 2,770 tsakanin 1970 da 2000. Kashi 12.8 cikin 100 ba sankara ba ne. Amma adadin na tafiya da girma: a cikin waɗanda ba su kai santimita 1 ba, kashi 46 marasa illa ne, a cikin masu santimita 7 zuwa sama kuwa kashi 6 kacal. Ashe Bell bai ɓata gaba ɗaya ba. Girma na nuna yiwuwa, sai dai ba ya yanke hukunci.

A 2006 masu bincike na Jami'ar Michigan suka nuna cewa tsakanin 1983 da 2002 yawan gano sankarar ƙoda a Amurka ya tashi daga 7.1 zuwa 10.8 cikin kowane mutum 100,000, mafi yawan ƙaruwar daga ƙananan ƙari, tiyata ma ta ƙaru daidai da haka, amma mace-mace ba su ragu ba. Da a ce duk waɗanda ake cirewa masu kisa ne da aka kama da wuri, da an ga raguwa. A wannan shekarar kuma wani bincike na cibiyar sankara ta Memorial Sloan-Kettering a New York ya gano cewa shekara 3 bayan tiyata, kashi 35 kawai na waɗanda aka cire musu ƙoda gaba ɗaya suka tsira daga raunin ƙoda mai ɗorewa, alhali waɗanda aka yanke musu sashe kaɗai kashi 80 ne suka tsira. Ga wanda ƙarinsa marar illa ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani ƙiyasi na 2015 ya nuna cewa tsiro marar illa da ake cirewa a Amurka ya tashi daga kimanin 3,100 a shekarar 2000 zuwa kimanin 5,600 a 2009.

Alkawarin 1971

Tun daga haihuwarta MRI take ɗauke da alkawarin rarrabe sankara. Tushenta ya koma 1946, lokacin da Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da ayarinsa, suka gano cewa idan aka sa abu cikin maganaɗisu mai ƙarfi aka buga masa zangon rediyo, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa kan karɓi ƙarfin su kuma mayar da shi a matsayin amsa. Jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne da kitse, dukansu kuma cike suke da haidurojin, wadda ta fi kowa amsa wannan kira. Saurin dusashewar amsar ya danganta da irin naman da haidurojin ɗin ke zaune ciki.

A 1971 Raymond Damadian, likita a Brooklyn, ya wallafa a mujallar Science cewa amsar naman sankarar ɓeraye ta fi jimawa kafin ta dusashe idan aka kwatanta da ta lafiyayyen nama. Burinsa shi ne na'urar da za ta duba mutum ta ce ga sankara. Masu bincike da suka biyo baya suka tarar cewa kumburi da sauran cututtuka marasa alaƙa da sankara su ma suna tsawaita amsar, alƙaluman kuma suna shiga juna. Abin da ya ceci fasahar shi ne aikin Paul Lauterbur a 1973 da na Peter Mansfield a Nottingham ta Ingila, waɗanda suka samo hanyar mayar da amsar hoto. A watan Agusta na 1980 ayarin John Mallard a Aberdeen ya ɗauki hoton jikin majiyyaci da ya yi amfani wajen gano cuta. A 1988 aka amince da rinin gadoliniyam da ake zubawa ta jijiya. A 2003 Lauterbur da Mansfield suka karɓi kyautar Nobel, aka bar Damadian a waje, har ya sayi shafukan jaridu yana ƙorafi.

Don haka MRI ta shiga asibiti a matsayin na'urar hoto mai kaifi, tambayar Damadian kuma ta zauna ba amsa.

Abubuwa uku da take karantawa a ƙoda

Kafin MRI ta yi amfani a ƙoda, sai da aka gane cewa sankarar ƙoda ba cuta ɗaya ba ce. Rabe-raben da aka amince da shi a 1997, wanda ke ɗauke da sunan Heidelberg, ya ware nau'o'in bisa kamanni da sauye-sauyen ƙwayoyin gado. Kusan kashi 70 zuwa 75 su ne masu ƙwayoyi garau, waɗanda Grawitz ya gani. Ana kiran su haka ne domin sinadaran gyara nama na wanke maiƙon da ke cikin ƙwayoyin, su fito fayau a madubi. Wannan nau'i ne ke haddasa mafi yawan yaɗuwa da mutuwa. Sai nau'in fafilari, mai tsirowa kamar yatsu, kashi 10 zuwa 15, da kromofob, mai ƙin shan rini, kimanin kashi 5. Waɗannan biyun, idan suna ƙanana, galibi sun fi sanyin hali.

Kowane nau'i na barin sawu daban, MRI kuma na bin sawun ta hanyoyi uku. Na farko ruwa. A wani salon hoto da ake kira T2, nama mai yawan ruwa na haske. Mai ƙwayoyi garau kan fito da haske ko dabbare-dabbare, fafilari kuwa kan fito da duhu.

Na biyu maiƙon da ya yi ƙanƙanta ga idon CT. Haidurojin ta ruwa da ta kitse ba sa juyawa da sauri ɗaya, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda: wani lokaci taɓarensu su sauka tare, wani lokaci ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Idan aka ɗauki hoto a lokacin da suka sauka tare, amsarsu na haɗuwa. Idan aka ɗauka a lokacin da suka saɓa, ɗaya na cinye ɗaya, wurin ya dushe. Wurin da ya yi duhu a hoto na biyu, to akwai ruwa da maiƙo gauraye a cikinsa. Thomas Dixon ne ya bayyana tushen wannan dabara a 1984, a 1997 kuma Eric Outwater da abokan aikinsa suka nuna cewa tana fito da maiƙon sankara mai ƙwayoyi garau.

Na uku jini. A 1993 aka gano ƙwayar gado mai suna VHL, wadda ke lalacewa a mafi yawan sankara mai ƙwayoyi garau. Idan ta lalace, ƙwayar halitta na ɗauka iska ta yanke mata, sai ta yi ta aika saƙon a shimfiɗo mata sababbin jijiyoyin jini. Bayyana wannan tsari na jin ƙarancin iska shi ya jawo kyautar Nobel ta 2019. A hoto, sakamakon shi ne ƙarin na shan rini da ƙarfi cikin minti na farko. Wani bincike na 2009 daga Boston ya auna cewa hasken mai ƙwayoyi garau na ƙaruwa da kimanin kashi 200 a wannan lokaci, na fafilari kuma da kimanin kashi 30.

Inda ta cije

Duk wannan na taimakawa wajen rarrabe nau'in sankara da wani nau'in. Tambayar asali, sankara ko marar illa, ta ci karo da tsiro biyu. Na farko anjiyomayolipoma marar wadataccen kitse, kimanin kashi 5 na danginsa. Shi an samo masa alama mai ɗan ƙarfi: duhu a T2 kamar fafilari, amma shan rini da ƙarfi saɓanin fafilari.

Na biyu, onkosaitoma, shi ne ya gagara. Tsiro ne marar illa, kuma shi aka fi samu cikin marasa illar da ake cirewa. An daɗe ana koyar da cewa tabo mai kamar tauraro a tsakiyarsa shi ne shaidarsa, amma ba kowanne ke da tabon ba, musamman ƙanana, sankara ma kan nuna makamancinsa. A 2010 likitocin hoto na Jami'ar New York suka kwatanta shi da kromofob a MRI, ba su samu wata alama da ke raba su ba. Dalilin na cikin halittarsu, domin ana ganin daga irin ƙwayoyi ɗaya na bututun ƙoda suke fitowa, har masu duba nama a madubi kan yi jayayya a kansu. Kama da wane ba ta wane, amma na'urar da ke auna ruwa da maiƙo da jini ba ta da hanyar shaida hakan idan ukun sun zo ɗaya.

An kuma samu wani cikas a 2006, lokacin da likitan ƙoda Thomas Grobner na Ostiriya ya danganta gadoliniyam da wata cuta mai taurara fata da gaɓoɓi a jikin masu mummunan ciwon ƙoda. Taƙaita amfani da tsofaffin nau'o'in rinin da komawa ga sababbi ya sa cutar ta kusa ɓacewa.

Sauya tambaya

Mafita ta ɓullo ta wani gefe. Akwai tsofaffi da marasa ƙarfi da ba za su jure tiyata ba, sai aka bar su ana bibiyar ƙarinsu da hoto. Wata bita ta 2006 da ta tattara irin waɗannan ta samu cewa matsakaicin girman ƙarin santimita 0.28 ne a shekara, waɗanda ya yaɗu a jikinsu kuma kimanin kashi 1 ne. A 2009 asibitin Johns Hopkins ya buɗe rajistar bibiyar masu ƙaramin ƙari, sakamakonta kuma ya ƙarfafa cewa sa ido hanya ce mai aminci ga waɗanda aka zaɓa da kyau. Zuwa 2017 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta sanya sa ido cikin zaɓuɓɓukan da aka amince da su, musamman ga ƙarin da bai kai santimita 2 ba. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da zarar an yarda cewa ko sankarar ma ba duka ke gaggawa ba, abin da likita ke buƙatar sani ya canja. Abin nema yanzu shi ne ko wannan ƙari na cikin nau'in da aka fi tsoro, kuma wannan tambaya ce da MRI ke da kayan amsa ta. A 2017 ayarin Ivan Pedrosa na cibiyar UT Southwestern a Dallas ya wallafa ma'auni mai maki 1 zuwa 5 na yiwuwar ƙari ya kasance mai ƙwayoyi garau. Likitan hoto na bin matakai a jere: ya fara kawar da curin kitse, ya duba hasken T2, ya auna shan rini, sannan ya nemi ɓoyayyen maiƙo. Maki 1 na nufin da wuya ƙwarai, maki 5 kuma kusan tabbas.

A 2022 aka gwada ma'aunin a cibiyoyi 5, likitocin hoto 10 suka karanta ƙari 250. Maki 4 ko 5 ya kama kashi 75 na masu ƙwayoyi garau na gaskiya. Idan makin 1 ne ko 2, kashi 88 na lokutan ƙarin ba wannan nau'i ba ne. Wato cikin kowane 100 da aka ba ƙaramin maki, kimanin 12 na iya zama abin da ake gudu. Ƙaramin maki kuma ba ya nufin babu sankara, domin fafilari ma nan yake faɗawa, onkosaitoma kuwa yakan samu babban maki ya ruɗi mai karatu. Amfanin makin shi ne ya shiga sikeli tare da girman ƙari, da shekarun majiyyaci, da lafiyar ɗaya ƙodar, a yanke ko a yi tiyata, ko a tsakuri nama da allura, ko a jira wata 6 a sake hoto.

Sauran hanyoyi na cike giɓin. Tsakurar nama, wadda a da ake tsoron za ta watsa cutar, ta dawo aiki bayan an ga hakan ba kasafai yake faruwa ba, ko da yake kusan ɗaya cikin 10 ba ta ba da amsa. A 2016 aka nuna a Johns Hopkins cewa sinadarin sestamibi, wanda aka saba amfani da shi a hoton zuciya, na taruwa a onkosaitoma. A 2024 gwajin ZIRCON ya nuna cewa wani hoton PET na gane mai ƙwayoyi garau da kaifin da ya kai kusan kashi 86.

Galibin waɗannan alƙaluma daga Amurka da Turai suka fito, inda hoto ya yi yawa. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya na nuna cewa mafi yawan masu sankarar ƙoda na zuwa ne da babban ƙari da ya riga ya yi nisa, kamar a zamanin Robson, na'urorin MRI kuma kaɗan ne, suna manyan birane, ga tsada. Amma sikanin ciki ya yaɗu, binciken lafiya na shekara-shekara na samun karɓuwa tsakanin ma'aikata, don haka layin nan na ƙasan takarda zai riƙa bayyana. Wanda ya ci karo da shi yana da tambayoyin da tarihin nan ya tanadar masa kafin ya sa hannu a takardar tiyata: girman ƙarin nawa ne, an yi hoto da rini, mene ne yiwuwar ya zama nau'in mai haɗari, za a iya tsakurar nama, kuma idan tiyata ta zama dole, za a iya yanke sashe a bar masa sauran ƙodar.